Jirin da Mata Ke Ɓoyewa Bayan Aikin Sankarar Mama

A zangunanmu, daga Nima ta Ankara zuwa Aboabo ta Kumasi, idan mace ta fito lafiya daga aikin sankarar mama mukan cika gidan da barka, mu ɗauka wahala ta ƙare. Sau da yawa kuwa saura tafiya mai tsawo. Idan ciwon nata irin wanda sinadarin mata na istirojin ke ciyarwa ne, likita zai ɗora ta kan ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5, wani lokaci 10. Tamoxifen yana toshe wa sinadarin ƙofar shiga ƙwayoyin cutar. Anastrozole da letrozole, waɗanda aka fi ba matan da suka daina al'ada, suna rage samar da shi a jiki. Bincike ya tabbatar da cewa shekara 5 na tamoxifen na rage mutuwa daga wannan cuta da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai maganin na da nasa nauyi, kuma jiri na cikinsa. Wata takan ji duhu ya rufe mata ido idan ta miƙe daga sujada. Wata ɗaki ne ke juya mata idan ta juya a kan gado. Wata kuma tafiya take tana tangaɗi, har maƙwabta su fara tsegumi. Muna ganin laifinmu ne, mu al'umma, da yawancin matan nan ke shan wannan wahala a ɓoye.

Abin da muka saba yi iri biyu ne. Ko mu ce mata ta yi haƙuri, ai ta tsallake babba, ko mu ce iska ce ko sammu, a kawo hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Ita kuma, da ta lura jirin ya biyo bayan ƙwayar, sai ta ajiye ta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Nan ne haɗarin yake, domin ƙwayar da ta bari ita ce katangar da ke tsakaninta da dawowar cutar.

Haƙuri kaɗai ma bai wadatar ba. Anastrozole da letrozole suna rage ƙarfin ƙashi. Matar da ƙashinta ya yi rauni, ga jiri, ga banɗakin gidan haya mai santsi, faɗuwa ɗaya na iya karya mata ƙugu. Mai sayar da koko ko waakye kuwa, wadda ke tsaye gaban wuta tun asuba, tukunyar tafasasshen ruwa ce a gabanta.

Ba kowane jiri ne laifin maganin ba, shi ya sa bincike ya zama dole. Ƙarancin jini na kawo shi, haka ƙishirwa, da maganin hawan jini, da rashin barci saboda zufar dare. Allurar kashe ƙwayoyin daji da aka yi a baya kan bar dundumi a tafin ƙafa, mace ta kasa jin ƙasar da take takawa. Hajijiyar juyi a kan gado kuwa sau da yawa daga can cikin kunne take, inda wasu 'yan ƙananan duwatsu ke gocewa daga mazauninsu, kuma ƙwararre na iya mayar da su ta hanyar jujjuya kai cikin mintoci kaɗan. Idan maganin ne, likita na iya sauya lokacin shansa ko ya musanya shi da wani.

Akwai alamun da ba sa jiran ranar ganin likita. Tamoxifen na ƙara yiwuwar daskarewar jini a jijiya. Idan jiri ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar ɓarin jiki, ganin abu biyu-biyu, matsanancin ciwon kai, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko kumburin ƙafa ɗaya, asibiti za a nufa a take. Zubar jini ba bisa al'ada ba ma a sanar da likita da wuri.

Namu aikin a gida yake. Miji ko ɗiya su raka ta Korle Bu ko Komfo Anokye, musamman idan Turanci ko Tuwi na yi mata wuya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A rubuta lokacin da jirin ke zuwa da abin da take yi a lokacin. A sa fitila a hanyar banɗaki, a ajiye mata kujerar wanka, a ɗauke mata ɗaukar kaya a ka. Malamanmu su yawaita tunatarwa cewa mara lafiya na da damar yin salla a zaune. Kuma duk wadda jiri ya dama, kada ta ajiye ƙwayarta sai ta yi magana da likitanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon kula da su.