Taswira Ba Hoton Ƙasa Ba Ce

A cikin 'yan'uwanmu ɗalibai akwai masu cewa wai taswira hoton ƙasa ce kawai da aka ɗauko daga sama, kuma wai Bature ne ya koya mana ita. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba.

Hoto kamannin wuri yake nunawa, taswira kuwa matsayinsa take faɗa a tsakanin sauran wurare. In mai hoto ya tsaya a Sifawa ta ƙasar Boɗinga, zai kawo maka gidaje da itatuwa da mutane. Mai taswira kuwa ɗan ɗigo zai ba ka a gefen hanyar Sakkwato zuwa Shagari, in ma ya ga damar sa shi ke nan. Alhali a wannan ɗigo Shehu Usmanu ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana wallafa littattafai. To, wa ya yanke cewa Sifawa ɗigo ce? Mutum ne, da alƙalami a hannu da manufa a zuci.

Magabatanmu sun san haka tun kafin Turawa su ci ƙasar nan. A 1824 Kyaftin Kilafaton ya zo Sakkwato yana neman inda Kwara ta nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswira, aka buga ta a Landan a 1826. Ta nuna kogin ya miƙa gabas, sai a 1830 Turawa suka tabbatar kudu ya yi, ya faɗa teku. Waɗansu masana na ganin da gangan aka yi, don kada a nuna wa baƙo ƙofar gida.

Haka kuma Shehu Shagari, yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948, ya jera wa yara labarin ƙasarsu cikin baitoci. Wannan ai taswira ce mai shiga ta kunne.

Abin mamaki, in an ba mu waƙa sai mu tambayi wanda ya yi ta da dalilinsa, amma taswira mukan haɗiye ta ba tauna. Jama'a, akwai haɗari. Ranar da mai zane ya bar burtali bai sa ba, ranar ya haɗa manomi da makiyayi faɗa. Saboda haka ina kira ga malamanmu su shigo da taswira ajin nazari, mu feɗe ta yadda muke feɗe waƙa. Allah ya sa mu gane.