Wutar 220 ba ta da gurbi a cikin akwatin kwamfuta

Da zarar bazara ta kama a ƙasar Damagaram, daga Afrilu zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Kwamfutar tebur ma tana jin jiki: fanka ta yi ta ƙugi, aiki ya yi nauyi, can sai ta ɗauke. Samarinmu masu kallon YouTube sun ga yadda ake sanyaya kwamfuta da ruwa. Ƙaramin famfo ke tura ruwa ta siririn tiyo zuwa kan ƙwaƙwalwar na'ura, ruwan ya kwashi zafi ya kai shi ragar ƙarfe, fanka ta hura. Dabarar tana aiki. Abin da ke damuna shi ne inda famfon zai sami wuta.

Famfon da ya fi sauƙin samu a wajenmu shi ne irin na cikin na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa, kuma da wutar NIGELEC yake aiki, wato volt 220. Yaro mai ƙoƙari sai ya ce bari ya ja waya daga bango, ya huda akwati, ya haɗa a ciki, ya naɗe da salatif. Ra'ayina a nan guda ne: kada mu yarda, kuma mu faɗa musu dalili.

Waɗanda suka ƙera kwamfuta sun killace wutar gari a wuri ɗaya, ƙaramin akwatin ƙarfe da ke baya inda ake cusa fulogi. Abin da ke fitowa daga cikinsa volt 12 ne, da 5, da 3.3, waɗanda ba sa jan mutum mai busasshen hannu. Shi ya sa mai gyara ke sa hannu a ciki hankali kwance. Wanda ya shigar da 220 ya rushe wannan katanga. Akwatin ƙarfe ne, bakinsa na da kaifin da ke cin robar waya, ga ruwa na kewayawa, tiyo kuma yana iya yoyo. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa da za ta janye wutar da ta ɓalle, ba su da madannin tsaro mai yanke wuta idan ɗigon miliamfiya 30 ya bi ta jikin mutum. To, wa zai taɓa akwatin? Ƙanen da ke yawo ba takalmi, ko uwar da ta zo shara bayan ta yayyafa ruwa.

Wani zai ce ai Turawa sun yi. Gaskiya ne, a farkon shekarun 2000 masu wannan sha'awa sun yi amfani da famfon tankin kifi irin na Eheim, da maɓallin da ke kunna shi idan kwamfuta ta tashi. Amma ko an kashe kwamfutar, wayar da ke shiga maɓallin tana raye muddin fulogi na jikin bango. Su kansu mafi yawa sun koma famfon volt 12, wanda ake jonawa a wayar ruwan ɗorawa da baƙa da ke cikin akwatin tun asali. Wanda kuwa ba shi da sai famfon 220, ya bar shi a waje da fuloginsa, kada ya yanke masa waya.

Kafin ma a kai ga ruwa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fanka da ragar ƙarfe. A zare fulogi, a hure ƙura, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, a janye akwati daga jikin bango ya sha iska. Shi kuwa akwatin wutar na baya ba a buɗe shi, domin yana riƙe caji ko bayan an zare waya.

Ban goyi bayan iyayen da ke ƙwace sukundireba ba. Yaron da aka hana a fili zai yi a ɓoye, babu mai duba masa. Ku tambaye shi: wannan wayar volt nawa ce? In ya kasa amsawa, aikin ya tsaya sai an nemo mai gyaran lantarki.

Malaman kimiyya, a nan aikinmu yake. A garuruwa irin su Dakusa, batirin sola mai volt 12 ya zama sananne. Da shi, da tsohuwar fankar kwamfuta, da ƙaramin famfo da bokiti, ɗalibi zai ga yadda ruwa ke ɗaukar zafi ba tare da ya kusanci wutar gari ba. Darasi ɗaya ya isa a bambanta masa wutar da ake gwaji da ita da wadda ke kisa. Muna fatan yaran nan su kai Jami'ar André Salifou ta Zinder su zama injiniyoyi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana su.