Ɗan haya ma yana da wa'adin da ya kamata ya bayar

Idan ana maganar haya, kullum mai gida ake tuhuma da korar mutane. To, amma akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗi ba, wato ɗan hayan da zai kwashe kayansa da asuba, ya aiko yaro da makulli.

A garin Dakoro, cikin jahar Maraɗi, masu zaman haya da yawa ma'aikata ne: malaman lakkol, ma'aikatan likita, jandarmomi. Kafin a koma lakkol a watan Oktoba takardun canjin wurin aiki ke fitowa, wani a tura shi Kornaka, wani Tasawa, wani can Damagaram. Malami ya yi shekara biyar cikin gida, ya tashi cikin kwana biyu. Mai gidan kuwa sau da yawa gwauruwa ce, ko tsohon da ya bar aiki, wanda da kuɗin hayar nan yake awon hatsi a lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai shigo ba. Ga rufin da damina ta ɓata, ga takardar wuta ba a biya ba.

Doka ba ta manta da batun ba. Ran 18 ga Afrilu 1996 gwamnatin Nijar ta fitar da doka mai lamba 96-016 kan sha'anin haya, sai dai da Faransanci aka rubuta ta, haya kuwa a nan da baki ake ƙulla ta. Ga shaguna da wuraren sana'a, dokar OHADA, wadda ƙasarmu ke cikinta, ta ce idan ba a ƙayyade ranar ƙarewar haya ba, mai son warware ta ya ba da wa'adin wata 6. A Faransa, dokar 6 ga Yuli 1989 ta ɗora wa ɗan hayan gidan da babu kaya ciki wa'adin wata 3, ta rage shi zuwa wata 1 ga wanda aka canza wa wurin aiki ko wanda ya rasa aikinsa.

A ganinmu wata 3 ya yi wa malamin kwantaragi nauyi, tunda ba shi ya zaɓi tafiyar ba, kuma ba zai iya biyan haya biyu ba. Wata 1 ya isa, muddin a rubuce yake. Wanda tafiya ta matsa wa, ya biya kuɗin watan, ya kama hanya.

Nan ne aikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. Layi huɗu da Hausa sun wadatar: sunan mai gida, sunan ɗan haya, ranar sanarwa, ranar miƙa makulli. Mai unguwa ya shaida, kowa ya riƙe takarda ɗaya. Shugabannin ma'aikata kuma, ranar da suka miƙa wa mutum takardar canji, su tambaye shi ko mai gidansa ya sani.