"Ya Yi Kyau" Ba Gyara Ba Ne

Sau da yawa marubuci yakan kammala littafinsa na Hausa, ya kai wa mai tsara shafuka da zanen bango a Yamai ko Damagaram, bayan mako biyu a nuna masa samfurin aikin a fuskar kwamfuta. Sai ya duba sama-sama, ya ce, "Madalla, Malam, ya yi kyau." Ranar da littafin ya fito daga maɗaba'a kuma, a ji shi yana gunaguni a majalisa: an ɓata masa suna, an cinye masa kuɗi. Mafi yawan laifin a nan na marubucin ne, domin an ba shi damar magana a lokacin da magana take da amfani, ya zaɓi yin kara.

Kunya da kara halaye ne da Bahaushe yake alfahari da su, amma a gaban samfurin littafi suna iya zama cuta. Mai tsara littafi a Nijar ko Kamaru galibi da Faransanci ya yi karatu, na Accra ko Kumasi da Turanci. Yana iya jin Hausa sarai, amma bai taɓa zama ya koyi ƙa'idar rubuta ta ba. A idonsa, bambancin k da ƙ ɗan lanƙwasa ne da bai kai a tsaya kansa ba. Ga mai karatu kuwa, shi ne bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Salon haruffa da dama, musamman masu ado da ake so a kan bango, ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan aka zaɓe su, kwamfuta takan aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakanin ƴan'uwansa masu kauri, ko ta bar ɗan akwati a gurbinsa. Manyan baƙaƙe, Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ, sun fi shan wannan wahala, ga shi kuma su ne ke zama a take, inda ido yake fara sauka.

Waɗannan haruffa ba a tsince su a hanya ba. Masu lanƙwasar sun kafu ne ta littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. An zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, duk don daidaita rubutu. Har yanzu da sauran bambanci: Nijar, bisa ƙa'idar da hukuma ta tabbatar a 1999, tana rubuta ƴ, Najeriya kuwa ta fi sabawa da 'y. Marubucin da bai faɗa wa mai tsara littafinsa wacce ƙa'ida yake bi ba tun ranar farko, ba shi da bakin kuka idan ya tarar da su biyun a shafi guda.

Abu na farko da ya kamata mai gyara ya iya shi ne raba kuskure da ra'ayi. Harafin da ya ɓace kuskure ne. Yanke kalma a ƙarshen layi ta yadda za a raba sh ko ts gida biyu kuskure ne, domin kowannensu sauti ɗaya ne. Irin waɗannan ba a yin ciniki a kansu: a nuna shafi, a nuna layi, a faɗi abin da ya kamata ya kasance. Ana ma iya taimaka wa mai zanen da sunan salon da ke ɗauke da haruffan duka, kamar Charis ko Andika, waɗanda cibiyar SIL ta fitar kyauta. Amma launin bango, girman hoto, da wurin da sunan marubuci zai zauna, sana'ar mai zane ce. A nan marubuci ya faɗi damuwarsa ya bar masa maganin. "Yaran firamare ne za su karanta, ina tsoron rubutun ya yi musu ƙanana" ya fi "ƙara girman nan, mayar da wancan ja" amfani nesa ba kusa ba. Wanda ya mayar da mai zane ɗan aike, aikin ɗan aike zai samu.

Ɗaliban harshe za su lura cewa Hausa tana da kayan aikin wannan magana a cikin nahawunta. Akwai wakilin suna na boye, wanda yake ɗauke laifi daga kan mutum ya ɗora shi kan aiki: "an tsallake harafi a nan" maimakon "ka tsallake". Akwai "da ma a ce", akwai "ko za a ɗan duba", akwai "ina ganin". Duk suna sassauta murya ba tare da rage ma'ana ba. Matsalar ita ce a sassauta har maganar ta narke. "A ɗan gyara shi" ladabi ne, amma ba ya gaya wa kowa komai. Cikakkiyar magana ita ce wadda ta haɗa ladabin da adireshi: "Malam, a shafi na 12, layi na uku, ko za a duba ɗ ɗin nan, ya bambanta da sauran." Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, kuma mai sana'a na ƙwarai ya san haka.

Za a iya cewa wasu masu zanen ba sa son gyara ko da an lulluɓe shi da zuma. Akwai su. Sai dai sau da yawa abin da ke harzuƙa su shi ne yadda gyaran yake zuwa: yau marubuci ya turo saƙon murya ta WhatsApp, gobe abokinsa ya turo wani mai karo da na farko, jibi a ce a koma yadda yake da. Kowane juyi awoyi ne na aiki da ba a biya ba. Ya fi kyau a buga samfurin a takarda, a ba mutum biyu masu karanta Hausa su bi shi da jan biro, a tattara komai a takarda ɗaya mai lambobin shafi, sannan mutum ɗaya ya kai. A kuma yi haka kafin a tura aikin maɗaba'a, domin harafin da ake gyarawa cikin minti ɗaya a kwamfuta, bayan an buga sai dai a bi kwafi ɗaya-ɗaya da alƙalami ana yi masa ƙugiya.