ARAHA BA TA ADO: WA ZA A DAMƘA WA LAFIYAR 'YAN KWANA-KWANA?

A watan Janairu na 1983 wuta ta kama dogon benen kamfanin sadarwa na NET da ke Marina a birnin Ikko. A Janairun 1985 ta cinye Gidan Koko na Badun. A Oktoban 2019 wata tankar mai ta faɗi a Anacha, wutarta ta bi kwata har ta shiga kasuwar Ochanja, ba a yi wata guda ba kuma sai ga hayaƙi ya turnuƙe kasuwar Balogun a tsibirin Ikko. Bayan kowace gobara waƙar ɗaya ce: a ƙidaya motocin kashe wuta, a yi kukan rashin ruwa, a naɗa kwamitin bincike, a yi alkawarin sayo sababbin kayan aiki daga ƙasashen waje. Amma da wuya a ji wani babba ya tambayi lafiyar mutumin da ya riƙe tiyo ya kutsa cikin hayaƙin, ko ƙirjinsa na ɗaukar numfashi, ko zuciyarsa na iya jure hawa bene na goma.

Aikin kashe gobara a ƙasar nan ya tsufa. Tun 1901 aka fara shi a Ikko a ƙarƙashin 'yan sanda, a 1963 kuma Majalisa ta yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, daga baya jihohi suka kafa nasu. Aikin da ya haura shekara 120 ya isa a ce an san hakkin masu yinsa. Babba daga cikin hakkokin nan shi ne likita na musamman mai duba su a kai a kai. To, duk ranar da wata gwamnati ta yi niyyar ɗaukar asibiti ko likita don wannan aiki, tambaya guda ce ke tasowa: wa za a ba, kuma da wane ma'auni?

CUTA BIYU

Masu ba da kwangila a ƙasar nan cuta biyu ke damunsu. Ta farko sanayya, wato a ba surukin wane ko abokin wane, ko da ɗakin shan maganinsa bai wuce falo da benci biyu ba. Ta biyu kuwa ta fi wuyar ganewa, domin tana zuwa sanye da rigar gaskiya: a tara takardun masu neman aiki, a buɗe, wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta a miƙa masa, a ce an yi tsimin dukiyar jama'a. Wanda ya yi haka ya ɗauki likita kamar mai kawo tayar mota ko takardar ofis. Likitan da ya karya farashi har ƙasa ba daga aljihunsa zai cike giɓin ba. Daga lokacin da zai ba kowane ma'aikaci zai rage, daga awon da ya kamata ya yi zai yanke. Ƙarshenta a jera ƙarti 100 a rana ɗaya, a ɗaura wa kowa abin awon jini a dantse, a tambaye shi ko yana jin wani ciwo, ya ce a'a don tsoron kora, a buga hatimi a sallame shi.

Kada wani ya fake da doka. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba ta ce a ba mai araha ido rufe ba. Abin da ta ce shi ne a ba mafi rangwame daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan aikin. Ashe ke nan maganar tana wajen sharuɗɗa. Wanda ya rubuta sharuɗɗa sakaka, shi ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa, ko da ya rantse bai karɓi kwabo ba.

ABIN DA WUTA KE YI WA JIKI

Ɗan kwana-kwana da ya shirya sosai, da riga mai kauri da hular kwano da takalma da tulun iska a baya, yana ɗauke da kaya fiye da kilo 20 kafin ya ɗauki tiyo ko gatari. Da wannan kaya zai yi gudu, ya hau tsani, ya fasa ƙofa, ya sungumi mutum, a cikin zafin wuta da zafin Kurmi mai sa gumi ya ƙi bushewa. Sau da yawa daga barci ƙararrawa ke tashinsa, zuciyarsa ta tashi daga hutu zuwa matuƙar bugu cikin 'yan mintoci.

Masana na Jami'ar Harvard ta Amurka sun bi diddigin mutuwar 'yan kwana-kwanan ƙasarsu daga 1994 zuwa 2004, suka buga sakamakon a 2007. Ciwon zuciya ne ke kashe kusan kashi 45 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a bakin aiki. Faɗa da wutar kanta bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na lokacin aikinsu ba, amma a cikin wannan ɗan lokaci ne kusan kashi 32 cikin 100 na mutuwar ta ciwon zuciya ke aukuwa. Wannan fa a ƙasar da ke da kayan aiki da motocin ɗaukar marasa lafiya ke nan.

Sai kuma hayaƙi. Abin da ke cike da rumfunan kasuwa, wato katifa da roba da leda da yadi da fenti, in ya ƙone yana fitar da iska mai guba, kamar kabon monoksaid da sayanaid. Tsofaffin gine-gine da yawa rufin asbesto gare su, wanda ƙurarsa ke maƙalewa a huhu ta zauna shekaru kafin ta nuna kanta. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya aikin kashe gobara a rukuni na 1, wato rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na mafitsara da na tantanin da ke lulluɓe huhu. Likitan da bai san waɗannan ba, me zai nema a jikin ɗan kwana-kwana? Mai neman abin da bai san kamanninsa ba, ko ya taka shi wucewa zai yi.

DARASIN NIYOK

Ranar 11 ga Satumba 2001, da aka kai hari kan tagwayen benaye na birnin Niyok, 'yan kwana-kwana 343 suka mutu. Waɗanda suka tsira sun shafe watanni suna tonon ɓaraguzai cikin ƙura. Da suka fara tari da haki, ba a tsaya gardamar ko aikin ne ya jawo ba, domin likitocin hukumarsu sun riga sun saba auna numfashin kowane ma'aikaci tun shekaru kafin harin, suna ajiye sakamakon. Da aka gwada na da da na bayan harin, sai aka ga cikin shekara guda huhunsu ya yi asarar da a bisa al'ada sai an yi kimanin shekara 12 ake yi. Wannan kundi ya zama hujjarsu wajen neman magani da diyya. Zuwa 2023 yawan ma'aikatan hukumar da cututtukan wannan ƙura suka kashe ya kamo 343 na ranar harin.

A Nijeriya ma akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta haɗa da cutar da aiki ya jawo. Amma matar mamaci da za ta je neman hakkin marayunta, da me za ta nuna cewa mijinta ya shiga aiki da lafiyayyen ƙirji? In bana an ba wannan asibiti, baɗi sabon kwamishina ya ba wancan, kowane ya tafi da takardunsa, to an binne hujjar tare da mai ita.

MA'AUNI HUƊU

Saboda haka duk mai neman wannan aiki a ɗora shi bisa ma'auni huɗu kafin a buɗe takardar farashinsa. Na ɗaya, sani. Ya zama yana da likita mai horo kan cututtukan da sana'a ke jawowa, wanda ya yarda ya je tasha ya ga atisaye, ya ɗaga kayan da hannunsa. Ya kuma mallaki na'urar awon numfashi, da ta awon zuciya yayin da mutum ke motsa jiki, da ta awon ji da gani, a je a gan su da ido, ba a hoto ba. Ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe da fitar da ƙa'ida mai lamba 1582 wadda ta tanadi awo kowace shekara. Ba sai an kwafe ta baƙi da baƙi ba, amma ta isa abin dubawa. Kada kuma a manta da lafiyar ƙwaƙwalwa, domin wanda ya kwashi gawarwakin da tankar mai ta ƙone ba kullum yake samun barci ba.

Na biyu, kundi. A rubuta cikin yarjejeniya cewa tarihin lafiyar kowane ma'aikaci zai bi shi daga ranar ɗauka har bayan ritaya, ko da an sake asibiti, kuma yana da ikon karɓar kwafinsa. Na uku, amana. Abin da shugaban hukuma zai sani kawai shi ne wane ya isa shiga wuta, ko bai isa ba, ko yana bukatar aiki mai sauƙi na wani lokaci. Sunan cutar sirri ne tsakanin likita da mai ita. Likitan kuma ya zama mai iya ce wa babban jami'i a'a, ba wanda za a buga wa waya a ce ya wanke wannan ya kayar da wancan ba. Na huɗu, kusanci. Gobara ba ta san ƙarfe 4 na yamma ba. Wanda ya shaƙi hayaƙi da tsakar dare yana bukatar likitan da za a samu a daren.

A kwamitin zaɓen kuma a sa wakilan ƙananan ma'aikata, waɗanda su ne ke shiga wutar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

MASU CEWA BA KUƊI

Za a ce ba kuɗi, a bari a sayi motoci tukuna. Mota dai ba ta hawa tsani da kanta. Gwamnatin da ta iya ware kuɗin juyen mai da gyaran injin mota, ta kasa ware na duba mai tuƙa ta da mai riƙe tiyonta, ta nuna wanda ta fi daraja tsakanin ƙarfe da mutum. Kuɗin gano hawan jini da magance shi bai kai na horar da sabon ma'aikaci a madadin wanda ya faɗi ba, balle a yi maganar marayu.

Za a ce ga babban asibitin gwamnati, me ya sa ba za su bi layi kamar kowa ba? In asibitin gwamnati ya cika ma'aunin nan huɗu, shi ya fi cancanta, a ba shi da hannu biyu. Abin ƙi shi ne a tura su su ɓace cikin dubban marasa lafiya, yau wannan likita gobe wancan, ba mai riƙe da labarinsu.

Su kansu 'yan kwana-kwana wasunsu na gudun awo, don tsoron kada ya zama hanyar raba su da abincinsu. Tsoronsu na da dalili. Maganinsa shi ne a rubuta a fili cewa wanda aka samu da ciwo za a yi masa magani, a ba shi lokacin motsa jiki a cikin sa'o'in aiki, in ya gagara a mai da shi sashen duba gine-gine ko koyarwa da albashinsa. Masu cewa kuma ai kowa da ajalinsa, gaskiya suka faɗa, sai dai addini bai hana neman magani ba, bai kuma yafe wa shugaba sakaci da ran wanda ke ƙarƙashinsa ba.

RUWAN 'YAN AREWA A CIKI

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da tumatir a Mile 12, ko mahaucin Agege, ko ɗan tireda na Idi-Araba, ko mazaunin Sabo ta Badun da wannan magana? Ruwansu ya fi na kowa. Dukiyar yawancinsu a rumfa take, ba a banki ba, rumfar kuwa ta katako da kwano, ga jarkar man janareta a gefe, ga lungu wanda mota ba ta shiga sai a ja tiyo da ƙafa. Wahalar shekara 20 tana iya zama toka kafin asuba. A wannan dare abin da ke tsakanin mutum da tsiya shi ne ƙarfin ƙirjin wani bawan Allah, Bayarabe ne ko Ibo ko ɗan wace ƙabila, wanda ba zai tambayi garin mai rumfa ba kafin ya shiga. An sha jifan waɗannan mutane da duwatsu don sun makara, alhali masu laifin na gaskiya suna kwance a gidajensu.

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha da Inugu suna biyan haraji da kuɗin rumfa, da yawansu kuma a nan suke jefa ƙuri'a. Ya wajaba sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su haɗa baki da maƙwabtansu 'yan ƙasa, su tunkari kansiloli da 'yan majalisar jiha, na jam'iyya da na adawa, da tambayoyi a rubuce: wane asibiti ke duba 'yan kwana-kwanan jihar, yaya aka zaɓe shi, nawa aka biya shi, ma'aikata nawa ya auna bara, kuma ina kundinsu yake? Wakilin da ya kawo amsa ya yi aikin da aka zaɓe shi dominsa. Wanda ya yi ta kame-kame kuwa, a riƙe sunansa har ranar da zai dawo kasuwa neman ƙuri'a.