Malam, Ba Lalaci Ne Ya Hana Su Biyan Haya Ba

Na karanta sharhinka inda ka jinjina wa Birtaniya saboda ta tsuke bakin aljihu kan tallafin marasa aiki, har kana cewa matsi ne ke tura malalaci neman na kansa. Da girmanka Malam, ka yi hukunci ba ka duba dokar ba.

Tsarin Universal Credit da aka fara a 2013 ya haɗe tallafi iri shida wuri guda. Haɗewar ba laifi ba ce. Laifin shi ne wanda ya rasa aiki yau sai ya jira mako biyar kafin kuɗin farko su shigo hannunsa. Mako biyar! Mai gida zai jira? Cikin yaro zai jira? Za ka ce ai ana ba da wani abu kafin lokacin. Bashi ne, ana zaftare shi daga ɗan abin da zai biyo baya.

Ga 'yan haya kuma abin ya fi muni. Tun Afrilun 2013, mai zama a gidan hukuma da aka ce yana da ɗaki ɗaya fiye da buƙatarsa ana yanke masa daga tallafinsa kashi 14 cikin 100 na kuɗin hayar da ake lissafa masa, ɗaki biyu kashi 25, ko da babu ƙaramin gidan da zai koma. Daga 2016 zuwa 2020 an daskarar da tallafin masu haya a gidajen 'yan kasuwa, haya kuwa tana ta hawa.

Abin da ka tsallake: da yawa cikin masu karɓar tallafin nan suna aiki, albashin ne bai kai ƙarshen wata.