Kafin Ka Ce Ɗan Wasa Ba Shi da Tarbiyya

Duk malamin da ya taɓa riƙe usur a filin wasa ya san wannan: yaron da ya kwana bai runtsa ba, tun kafin ƙafarsa ta gaza, fuskarsa ce ke fara tona masa asiri. Ka yi masa ɗan gyara, sai ya turɓune. Abokinsa ya taka shi bisa kuskure, sai faɗa. Mu kuwa nan da nan sai mu ce ba shi da tarbiyya. A ganina, sau da yawa barci ne ya rasa. Kuma abin bai tsaya ga yara ba, har gwanayen da duniya ke tafa wa haka jikinsu yake.

A shekarar 2011, wata mai bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, Cheri Mah, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da 'yan ƙwallon kwando 11 na jami'ar. Ba ta ƙara musu motsa jiki ba, ba ta sauya musu abinci ba. Cewa kawai ta yi su riƙa yin awa 10 a kan gado kowane dare, har mako 5 zuwa 7. Gudun da suke yi cikin daƙiƙa 16.2 ya koma 15.5, jifarsu cikin kwando kuma ta ƙaru da kashi 9 cikin 100. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne amsar da suka bayar game da halin zuciyarsu: kasala ta ragu, kuzari da walwala sun ƙaru. Mutum 11 ba su da yawa, na yarda, sai dai abin da suka faɗa ya yi daidai da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigidala, wanda ke tayar da tsoro da fushi. Sashen gaba, wajen goshi, shi ke riƙe masa linzami. A 2007 masana a Jami'ar Berkeley sun hana wasu matasa barci na kimanin awa 35, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali, sai suka ga amigidala ta zabura fiye da ta waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin 100, linzamin kuma ya yi sako-sako. To, ku ɗauki mai irin wannan kai ku sa shi gaban 'yan kallo dubu hamsin, alƙalin wasa kuma ya busa masa abin da bai yarda da shi ba!

Wahalar ita ce abin yana zagayawa. Damuwa tana korar barci, rashin barci yana ƙara damuwa. An tambayi 'yan wasa 632 a Jamus a 2011, kusan biyu cikin uku suka ce sun taɓa kasa barcin kirki a daren jajiberin babbar gasa. Wani lokaci ma laifin masu horarwa ne. A Ostareliya an auna gwanayen ninƙaya masu fara horo ƙarfe 6 na safe, aka tarar barcinsu bai kai awa 6 ba a irin waɗannan ranaku. Mai horarwa yana murna wai ya koya musu sammako.

Ba na cewa barci maganin kowane baƙin ciki ne. Michael Phelps, mai lambobin zinariya 23 na Olamfik, ya faɗa da bakinsa cewa ciwon damuwa ya kusa hallaka shi bayan gasar 2012, sai da ya nemi taimakon ƙwararru. Irin wannan ya wuce a ce wa mutum je ka kwanta.

Ya ku ɗalibai, likitoci sun ce mai shekarunku yana bukatar awa 8 zuwa 10. Na san masu cin goro da tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi don karatun dare, na san masu ɓoye waya ƙarƙashin bargo, sa'an nan da asuba su fito gudu suna harara. Ni dai yanzu, idan ɗan wasana ya fusata a fili, kafin in ba shi horo nakan ja shi gefe in tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta jiya.